CIWON KAI DA HOTON ƘWAƘWALWA: Yaushe Ya Wajaba, Yaushe Bai Wajaba Ba

Da wuya a sami gidan da ciwon kai bai taɓa shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kimanin mutum huɗu cikin kowane goma na jama'ar duniya sun yi fama da shi, watau fiye da mutum miliyan dubu uku ke nan. Galibinsa yakan zo ya wuce, bai bar wata illa ba. Amma akwai wani ɗan kaso wanda yake sallama ce ta babbar cuta a cikin ƙoƙon kai, wadda in ba a gano ta da wuri ba takan kai ga nakasa ko asarar rai.

A zamanin yau akwai na'urori masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga kan mutum ba. Samuwarsu alheri ce babba, sai dai jama'a na yin kuskure iri biyu game da su. Wani yakan sayar da kadararsa ya biya kuɗin hoton da ba ya bukata. Wani kuwa yakan zauna gida yana haɗiyar ƙwayoyi alhali shi ne ya kamata a ɗauki hotonsa tun jiya. An shirya wannan bayani domin a raba jama'a da kurakuran nan biyu.

Abin Da Ya Sa Aka Ɗauki Suleja Misali

Suleja ta Jihar Neja ita ce a da ake kira Abuja. Bayan da aka kafa Yankin Birnin Tarayya a shekarar 1976, sai sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma aka sa masa suna Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin garin yake ta cika yana batsewa. Dubban ma'aikata da 'yan kasuwa suna kwana a Suleja da Madalla, su yi sammako zuwa Abuja, su komo da dare a gajiye. Manyan hanyoyin da suka haɗa Abuja da Kaduna da Minna duk a gefen garin suka bi, ga manyan motoci, ga motocin haya, ga babura ba iyaka.

Irin wannan zama yana haifar da ciwon kai kala biyu. Akwai na gajiya, da ƙarancin barci, da zafin rana, da tunanin abin masarufi. Akwai kuma na buguwar kai a hatsarin mota ko babur. Na farkon ba ya bukatar hoto. Na biyun kuwa, sau da yawa hoton ne ke tsakanin mutum da kabari. Har ila yau, mutanen Suleja suna kusa da manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da Asibitin Ƙasa da ke Abuja, inda asibitocin yankin kan tura wanda larurarsa ta fi ƙarfinsu. Saboda haka tambayar da ke gabansu kullum ita ce: wa ya kamata a tura, kuma yaushe? Amsar da ta dace da Suleja ta dace da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da ko'ina cikin ƙasar nan.

Daga Ina Ciwon Kai Yake Fitowa?

Abin mamaki shi ne, naman ƙwaƙwalwa kansa ba ya jin zafi. Masu jin zafi su ne tantanin da ya lulluɓe ta, da jijiyoyin jini, da naman wuya da na fatar kai, da idanu, da haƙora, da kogunan da ke bayan hanci.

Likitoci sun kasa ciwon kai gida biyu. Gida na farko shi ne wanda ciwon kan shi ne cutar, ba wata cuta a ƙarƙashinsa. A ciki akwai ciwon kai na gajiya, wanda mutum kan ji kamar an ɗaure masa kai da rawani mai tsauri. Akwai kuma ciwon ɓarin kai, mai sara gefe guda, wanda kan zo da tashin zuciya da ƙin haske da ƙin hayaniya, ya ɗauki sa'o'i ko kwana biyu zuwa uku, sa'an nan ya lafa. Ya fi kama mata, kuma yakan bi jini. A wannan gida na farko hoton ƙwaƙwalwa yakan fito lafiya lau, domin matsalar tana cikin yadda jijiyoyi suke aiki, siffar ƙwaƙwalwar kuwa ba ta canja ba.

Gida na biyu shi ne wanda ciwon kan alama ce ta wata cuta dabam: zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko sanƙarau, ko ciwon ido, ko zubar jini a cikin kai, ko ƙari. A nan ma ba duka ne hoto yake ganowa ba. Wajibi ne a san waɗanda yake ganowa da waɗanda ba aikinsa ba ne.

Taƙaitaccen Tarihin Na'urorin

A shekarar 1895 wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire, wanda ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Wannan haske ya yi amfani ƙwarai wajen karaya da ciwon huhu, amma a wajen ƙwaƙwalwa bai gamsar ba, domin ƙoƙon kai yakan tare abin da ke ciki. Har gobe hoton eksire na kai ƙashi kawai yake nunawa, don haka wanda aka ce masa ƙashin kansa bai fashe ba, kada ya ɗauka an wanke ƙwaƙwalwarsa ke nan.

Sai a shekarar 1971 wani injiniya na Ingila, Godfrey Hounsfield, ya haɗa hasken eksire da kwamfuta. A ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekara aka ɗauki hoton kan wata mata a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka ga ciwon da ke cikin ƙwaƙwalwarta ƙuru-ƙuru. Wannan ita ce na'urar da ake kira Si-Ti. A 1979 aka ba Hounsfield da Allan Cormack lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki. Daga baya aka samar da na'urar maganaɗisu, wadda ake kira Em-Ar-Ai, wadda ita ma ta jawo wa Paul Lauterbur da Peter Mansfield lambar Nobel a 2003.

A Nijeriya, Farfesa Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1962, tun kafin a ƙirƙiro waɗannan na'urori. A wannan asibiti ne kuma aka girka na'urar Si-Ti ta farko a ƙasar nan a 1987. Daga nan ta yaɗu zuwa asibitocin koyarwa da wasu asibitoci masu zaman kansu.

Yadda Suke Aiki

Na'urar Si-Ti tana da siffar babban zobe. Majiyyaci yakan kwanta a kan wani gado, gadon ya shigar da kansa cikin zoben, hasken eksire ya kewaya kan ta kowace fuska. Sai kwamfuta ta harhaɗa abin da aka samu ta fito da hotuna yanki-yanki, kamar yadda ake yanka burodi a duba kowane yanki. Aikin ba ya wuce 'yan mintuna, kuma babu zafi. Ita ce gwanar gano sabon jini da ya zuba a cikin kai da kuma fashewar ƙashi, shi ya sa ita ake fara nema a lokacin gaggawa.

Na'urar Em-Ar-Ai ba ta amfani da hasken eksire. Maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi da igiyoyin rediyo suke aikin. Hotonta ya fi fitar da naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla, don haka ta fi dacewa da binciken ƙari, da kumburi, da ciwon da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa wajen ƙeya. Sai dai takan ɗauki kimanin rabin sa'a ko fiye, tana da ƙara, kuma ta fi tsada. Zaɓen wadda za a yi amfani da ita aikin likita ne, tsada ba ita ce ma'aunin dacewa ba.

Abubuwan Da Hoto Yake Ganowa

Na ɗaya, jinin da ya taru a cikin kai bayan buguwa. Ƙoƙon kai akwati ne rufaffe, ba ya buɗewa. Idan jijiya ta tsinke a ciki, jinin ba shi da mafita, sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Idan hoto ya nuna gurbinsa, likitan tiyata yakan huda ƙashin ya zuƙe shi, mutum ya tashi.

Na biyu, fashewar jijiya ba tare da buguwa ba. Mai wannan larura yakan ji ciwon kai ya sauko masa farat ɗaya kamar an buga masa taɓarya, irin wanda bai taɓa ji ba. Na'urar Si-Ti ta fi ganin wannan jini sosai idan an ɗauki hoton cikin sa'o'i shida na farko.

Na uku, shanyewar ɓarin jiki. Takan faru ta hanya biyu: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe. A ido duk kama ɗaya suke, amma maganinsu ya saɓa, domin maganin da ke narkar da gudan jini yana iya kashe wanda jijiyarsa ta fashe. Hoto ne kaɗai ke rarrabewa. Allurar narkar da gudan jinin kuwa, a inda ake da ita, galibi cikin sa'a huɗu da rabi na farko ake yin ta.

Na huɗu, ƙari, da ƙurji mai mugunya wanda kan samo asali daga ciwon kunnen da aka yi sakaci da shi, da ƙullutun da tarin fuka kan haifar a ƙwaƙwalwa, da cututtukan da kan shiga ƙwaƙwalwar mai ƙanjamau idan garkuwar jikinsa ta yi rauni, da taruwar ruwa a kai. Da yawa daga cikinsu suna da magani idan an gano su da wuri.

Alamun Da Ba A Kwana Da Su

Duk wanda ciwon kansa ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan alamu, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da dare ne:

1. Ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ya kai matuƙa cikin minti guda.
2. Ciwon kai bayan faɗuwa ko hatsari, musamman in akwai suma, ko amai a kai a kai, ko yawan barci, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci.
3. Mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ko harɗewar harshe.
4. Jijjiga ko farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba.
5. Ruɗewa, sambatu, ko canjin hali.
6. Dushewar gani, ko ganin abu ɗaya ya zama biyu.
7. Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya.
8. Ciwon kai mai tsanani ga mace mai ciki ko mai jego.

Akwai kuma alamun da suke bukatar ganin likita cikin 'yan kwanaki: ciwon kan da ke ƙaruwa mako bayan mako; wanda ke ta da mutum daga barci da amai; wanda ke tsananta in an yi tari ko an sunkuya; sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50; da sabon ciwon kai ga mai ciwon daji, ko mai ƙanjamau, ko mai sikila, ko mai shan maganin tsinka jini.

Misalai Biyu

A ɗauka ga wata mata mai sayar da atamfa a kasuwar Suleja. Shekara goma ke nan ɓarin kanta na sara, sau biyu ko uku a wata, ta shiga ɗaki mai duhu ta kwanta, gari ya waye ta koma kasuwa. Mahaifiyarta ma haka take yi. 'Yan'uwa suka ba ta shawara ta je Abuja a ɗauki hoton kanta, har ta fara tunanin taɓa jarinta. Da ta je asibiti, likita ya yi mata tambayoyi, ya auna jininta, ya haska cikin idonta, ya gwada ƙarfin gaɓoɓinta da tafiyarta, bai ga wata alama ba. Sai ya ce mata: "Hajiya, wannan ciwon ɓarin kai ne. Hoto ba zai nuna shi ba. Ki riƙe kuɗinki, ga magani, ki kuma lura da abin da ke tayar miki da shi." Likitan nan bai yi mata rowa ba. Binciken masana ya nuna cewa a cikin masu irin ciwonta, waɗanda gwajin likita bai nuna komai ba, waɗanda hoto ke gano wata babbar cuta a kansu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

A ɗauka kuma ga wani dattijo da babur ya kayar a kan hanyar Madalla. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce babu komai, aka yi masa barka. Bayan mako uku sai ya fara kukan ciwon kai, yana mantuwa, yana jan ƙafa ɗaya. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska ce. Ɗansa ya kai shi asibiti, likita ya tambaya: "Baba, ko ka taɓa faɗuwa kwanan nan?" Amsar wannan tambaya ita ta sa aka tura shi hoto a ranar, aka ga jini ya taru a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da tantaninta. Irin wannan ya fi samun tsofaffi, domin jijiyoyinsu ba su da wuyar tsinkewa, kuma aikin fitar da jinin yana daga cikin ayyukan tiyatar kai da aka fi samun nasara a kansu.

Mutum biyun nan duk ciwon kai ya kai su asibiti. Abin da ya raba hukuncinsu shi ne labarin ciwon da gwajin likita. A kula kuma, a jikin matasa jinin yakan taru da sauri: mutum ya suma a wurin hatsari, ya farfaɗo yana magana garau, bayan 'yan sa'o'i ya sake faɗuwa. Don haka duk wanda ya suma bayan buguwar kai, ko da ya farfaɗo, kada a kai shi gida sai likita ya gan shi.

Abubuwan Da Ba Aikin Hoto Ba Ne

Zazzaɓin cizon sauro gwajin jini ke gano shi. Hawan jini kuwa da ma'auni ake gane shi, kuma sau da yawa ba ya sa ciwon kai ko kaɗan, don haka kada a jira ciwon kai kafin a auna. Mace mai ciki da ke ciwon kai da kumburi, abin da take bukata da farko shi ne awon jini da gwajin fitsari, don gudun jijjigar masu ciki. Ciwon ido da na haƙori kowanne yana da likitansa.

Sanƙarau ma da ruwan ƙashin baya ake tabbatar da shi, ko da yake wani lokaci likita kan nemi hoto kafin ya ɗebi ruwan. Ƙasar nan ta san zafin wannan cuta. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 11,000, kuma a annobar 2017 Jihar Neja tana cikin jihohin da abin ya fi shafa, tare da Zamfara, da Sakkwato, da Katsina, da Kebbi. Mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya allura yake bukata cikin gaggawa a asibiti mafi kusa. Kada a ɓata lokaci ana yawon neman na'ura.

Idan mutanen gida guda suka tashi gaba ɗaya da ciwon kai da jiri, a fara duba janareta ko gawayin da aka kunna a rufaffen wuri. Hayaƙinsu yana ɗauke da guba marar wari mai kisa. A fitar da kowa waje, a kai su asibiti.

Akwai kuma ciwon kan da magani ke haifarwa. Wanda ke shan ƙwayar kashe zafi irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a kowane wata, har tsawon fiye da wata uku, maganin da kansa yana iya zame masa sanadin ciwon kai na kullum. Masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin kwana 10 a wata ma ya isa. Maganin wannan shi ne a janye ƙwayar bisa shawarar likita.

Illar Ɗaukar Hoto Ba Dalili

Kowane hoton Si-Ti na kai yana sa wa jiki hasken eksire wanda ya kai kimanin abin da jiki kan samu daga ƙasa da sararin sama cikin watanni da dama. Idan akwai dalili, amfaninsa ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba. Idan babu dalili, an ɗauki kasada a banza, musamman ga yara ƙanana. Bayan haka, hoto yakan nuna wasu ƙananan tabo waɗanda ba su da nasaba da ciwon kan, ba kuma za su taɓa cutar da mutum ba, amma ganinsu sai ya jefa shi cikin fargaba da sababbin gwaje-gwaje. Ga kuma kuɗi. Abin da aka kashe a hoton da bai wajaba ba, da shi za a sayi maganin hawan jini na watanni. Sa'an nan duk wanda ya hau layin na'ura ba dalili, ya tare wa mai larurar gaggawa hanya.

Shiri Kafin A Ɗauki Hoto

Wanda likita ya tura hoto ya riƙe takardar turawar, domin ita ke sanar da masu ɗaukar hoto abin da ake nema. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da ciki, ta faɗa tun kafin a fara. Wani lokaci akan yi allurar wani ruwa mai fito da jijiyoyi a hoto, saboda haka mai ciwon ƙoda, da wanda jikinsa ya taɓa ƙin irin wannan allura, su sanar. Wanda za a sa a na'urar maganaɗisu ya cire duk wani ƙarfe: 'yan kunne, da zobe, da agogo, da makulli, da laya ko guru in da ƙarfe a ciki. Wanda kuma yake da ƙarfe a cikin jiki, kamar na'urar daidaita bugun zuciya, ko ƙarfen ɗorin ƙashi, ko ɓarɓashin harsashi, lalle ya faɗa, domin maganaɗisun yana iya motsa wasu daga cikinsu.

Bayan an gama, a karɓi hoton tare da rahoton likitan da ya karanta shi, a mayar wa likitan da ya yi turawar. A adana su da kyau, don kada a sake biyan kuɗin abin da aka riga aka yi. Wanda ke cikin tsarin inshorar lafiya ya tambayi asibitinsa abin da tsarin ya ɗauke masa.

Kira Ga Jama'a

Rigakafi ya fi magani. Masu babura da fasinjojinsu su riƙa sa hular kwano, direbobi su ɗaura bel su rage gudu. Manya su riƙa auna jininsu ko da ba sa jin komai. A kai yara allurar rigakafin sanƙarau, a kuma kula da ciwon kunne tun yana ƙarami. Idan hatsari ya auku a hanya, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112.

Masu unguwanni, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, da masu kemis, suna da babban aiki wajen yaɗa alamun nan takwas, domin su ne majiyyaci ke fara tarar wa kafin ya ga likita. Mai ciwon kan da ya daɗe yana zuwa yana tafiya ya je asibiti mafi kusa, ya ba da labarin ciwonsa filla-filla, ya amince in an ce ba ya bukatar hoto. Wanda kuwa aka ga ɗaya daga cikin alamun haɗari a jikinsa, kada a tsaya sai gari ya waye, kada kuma a tsaya sai an gwada na gida. A kai shi asibiti a wannan sa'a.